Amsar Goggo kan Sallar farko a ɗakin miji

Assalamu alaikum ɗiyata,

Da fatan kuna shan ruwa lafiya, ke da maigidan naki. Saƙonki ya iso ni bayan tarawihi, na ce ba zan amsa shi a tsaitsaye ba. Kin ce wannan ce Sallarki ta farko a ɗakinki. Ƙawayenki na wurin aiki sun fitar da anko, kowace ta ce sai ɗinki kala uku, an ba ki lambar wata mai girkin kuɗi da za ta kawo soyayyiyar shinkafa da kaji a robobi, ga katan-katan na lemo da aka ce dole a jibge saboda baƙi. Kin ce abin da ke hannunku ba zai ɗauka ba sai an ci bashi, kuma kina tsoron kada dangin miji su ce amarya ta zo da rowa. Shi ne kike tambaya: cikin waɗannan wanne ne al'ada, wanne za ki iya bari ba ki ji kunya ba?

Ki fara sanin ranar tukuna. Ki buɗe Suratul Baƙara, aya ta 185, inda Allah ya yi maganar watan Ramadana. Ya rufe ta da cewa mu cika adadin kwanakin, mu girmama shi a kan shiriyar da ya yi mana, ko ma gode. Ƙaramar Sallah ranar godiya ce: an ga watan da rai, an kai azumi, an samu abin buɗa baki. Mutane nawa muka fara azumin bara da su yanzu suna ƙasa? To wanda ya wayi gari tela na bin sa, mai shago na bin sa, ya ɗebi adashin da bai zo kansa ba, ina zuciyarsa za ta sami sararin godiya? Iyayenmu sun riga sun faɗa, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ba na so wannan magana ta faɗa a kan gidanki tun shekarar farko.

Sayayyar Sallah ta farko ita ce zakkar fidda kai, kuma ban ji ta cikin lissafinki ba. Mudun Annabi huɗu ne a kan kowane mutum, babba da yaro, wato cikin tafin hannu biyu sau huɗu, abin da masu awo suka kimanta kilo 2.5 zuwa 3. Daga abincin da ake ci a garin ake fitarwa: gero, dawa, masara ko shinkafa. Nauyin yana kan maigida, amma ke ce za ki tuna masa, ke ce kuma kika fi shi sanin gidan da ba a ɗora tukunya a layinku. A fitar kafin a yi sallar idi, in ma an ba da ana saura kwana ɗaya ko biyu ya halatta, kuma ya fi wa mai karɓa amfani, don ta sami damar kai niƙa. Ibnu Abbas ya ce an farlanta ta ne don ta tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana, ta kuma zama abinci ga miskinai. Ku biyu ne kawai, mudu takwas ke nan. Maigidan ya shiga kasuwar Tudun Hatsi da ke nan garinku Gombe ya auno, bai kai kuɗin ɗinkin riga ɗaya ba.

Batun sutura kuwa, sunna ita ce mutum ya yi wanka ya sa mafi kyawun abin da yake da shi. Ba a ce sabo ba, balle kala uku. Akwai hadisin Ummu Aɗiyya, da aka umarci mata su fita idi, ta ce wata ba ta da mayafi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce 'yar'uwarta ta ara mata. Da aro aka je idin Madina, babu wanda ya ce abin kunya ne. Ke kuma amarya ce, akwatunan lefenki ko rabi ba ki taɓa ba. Ki ciro atamfa ɗaya ki kai ɗinki tun yanzu, kafin teloli su fara kwana a shago. Ki yi kitso, ki ƙunsa lalle, kin gama. Anko mun san shi a gidan biki. Na Sallah baƙo ne, jiya-jiya ya shigo. Ki gaya wa ƙawayenki bana ba ki ciki, ba sai kin kawo dalili ba.

Kada ki ce na hana sabon kaya. Yaro kam a yi masa, ko da yadi mai sauƙi ne, domin shi murnarsa a jikinsa take, kuma ba ya gane uzuri in ya ga 'yan'uwansa sun sha ado. Wanda Allah ya hore wa ma ya ɗinka, Allah yana son ganin alamar ni'imarsa a kan bawansa. Abin da ke damuna shi ne inda kuɗin ke tafiya. Shaddar Getzner da maza ke rububi daga Ostiriya take zuwa, babbar atamfa daga Holan, mai araha yawanci daga Sin. Alhali Gombe da Kumo ƙasar auduga ce, har injinan gurza aka kafa musu. Masaƙar farko ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Yau in kin zuba albashinki a yadi, kaɗan ne zai tsaya a hannun ɗan'uwanki. In kuwa shinkafar Dadin Kowa kika saya, da man gyaɗa daga hannun mai ƙuli-ƙulin unguwarku, da kabewa da alayyahu daga 'yan lambu, kin san gidajen da kuɗin ya shiga, su ma da shi za su yi tasu Sallar.

Tsadar nan ba yau aka fara ta ba. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har buhun shinkafa ya haura naira dubu 80 a 2024. Amma mu mun ga 1984, lokacin da ake bin layi kafin a sami sukari da madara da sabulu, ga fari ya ci amfanin gona. An yi Sallah a shekarar. An wanke tsofaffin kaya an kai bugu, an tuƙa tuwo, yara sun yi yawon Sallah, Sarki ya hau, mun tsaya a ƙofar fada mun yi kallo ba a karɓi ko kwabo ba.

Yanzu ga abin da nake so ki ba ƙarfinki: tukunya. Ke 'yar Bauchi ce, kuma duk inda aka ji haka abin da za a fara tambaya shi ne masa. Kada ki raba hankalinki kan girki kala biyar. Ki yi masa da miyar taushe, ki yi su da kyau.

Shinkafar tuwo za ki nema, fara, ba wadda aka turara ba. In gwangwani huɗu kika auna, ki jiƙa uku tun safiyar jajibere, ɗayan ki dafa shi ya yi luguf, ki bar shi ya huce. Da la'asar ki wanke jiƙaƙƙiyar, ki haɗa da dafaffiyar da albasa, a kai markaɗe. Ki ja kunnen ɗan aiken kada mai inji ya cika ruwa, kuma a ɗauraye injin in an riga an markaɗa kayan miya. Ƙullun ya fi kunu kauri kaɗan. Ki sa yis da ɗan sukari, ki rufe. Da yake shekarun nan Sallah a tsakiyar zafi take faɗowa, ƙullu ba ya jimawa yake tashi, don haka kada ki cika yis, kuma kada ki sa shi da wuri. Bayan isha'i ya isa. Gishiri sai ya tashi za ki zuba. In kin ɗanɗana kin ji tsami ya yi yawa, ɗan ruwan kanwa zai kashe shi, amma kaɗan-kaɗan, in ya zarce masar za ta yi ja ta yi ɗaci. Wajen suya ake gane hannu. Tanda ta yi zafi kafin ki zuba, mai ɗan kaɗan a kowane gurbi, wuta kuma matsakaiciya. Wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye. Sai kin ga gefen ya kama, saman ya yi huji-huji, sannan ki juya. Zubin farko yakan kama tanda, kada ya tayar miki da hankali, na biyu zai saki.

Miyar kuwa tun dare za ki dafa naman da ƙashi, da albasa da daddawa da citta. Ba sai kaza ba. Ƙashin miya mai ɓargo ya fi ba taushe daɗi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Kabewa ta dahu a cikin romon har ta narke, ki zuba markaɗen tattasai da attarugu da tumatir, sai niƙaƙƙiyar gyaɗa. Alayyahu da ɗan yakuwa su ne na ƙarshe, kada su daɗe a wuta. Ki daka yajin ƙuli ki ajiye gefe saboda masu son masa da mai da yaji. Abin sha, zoɓo ya wadatar: citta, kanumfari, ɓawon abarba, ki tace ki sa sukari daidai. Kunun aya yana da daɗi, sai dai ba ya jure zafi, in babu tabbacin wuta ko ƙanƙara kafin azahar zai lalace. Kuɗin katan ɗaya na lemo zai yi miki zoɓon da zai ishi layinku. In kina da sauran ƙarfi, ki yi cincin ana saura kwana uku saboda yara. Alkaki da dubulan da nakiya ki bar su sai wata shekarar, aikin taro ne, ba na mace ɗaya mai zuwa aiki ba.

Abin da ya sa na nace kan girkin gida shi ne kwano. Al'adar da kike tambaya, in za a nuna ta da yatsa, to kwanon Sallah ne. Kafin maza su dawo daga idi an zuzzuba, yara sun ɗauka a ka, wannan na gidan liman, wannan na tsohuwar da ke ƙarshen layi, wannan na mai takaba. Kwano kuma ba ya dawowa haka nan: ki aika masa, a dawo miki da tuwon shinkafa, ko funkaso, ko dambu, ko 'yan goro biyu in gidan ba su da hali. Kafin azahar sai ki ga gidan da ya girka abu ɗaya yana da kala shida. Shi ya sa ba mu taɓa jin dole sai kowa ta dafa komai ba. Ta wannan hanyar ake sanin halin da maƙwabci ke ciki ba tare da an tambaye shi ba. In kwano ya dawo wanke babu komai daga gidan da ba su saba haka ba, uwar gida ta gane, gobe za ta san abin yi a asirce. Robar da ake ci a jefar ba ta dawowa, ba ta kawo labarin kowa.

Wannan ma ba mu muka ƙirƙiro ba. Annabi ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Ya kuma ce wa mata musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Ki riƙe wannan in zuciyarki ta ce masa biyar ta yi kaɗan a aika. Kuma a Gombe kike, na san ba za ki rasa maƙwabta Kirista ba, 'yan Tangale ko Waja ko wasu. Kwanonsu yana cikin lissafi. Haka muke yi a nan Bauchi, su ma ranar Kirsimeti nasu na shigowa.

Ban ce sayen abinci haramun ba ne. Mai jego, mara lafiya, ma'aikaciyar asibitin da aiki ya faɗo mata ranar Sallah, duk suna da uzuri, kuma masu girkin nan sana'a suke, Allah ya sa musu albarka. Ke dai ba ki cikin waɗannan, kina da hutu, kina da lafiya. Aikin kuma kada ki ɗauke shi ke kaɗai. Ki kira ƙanwar maigidan ta kwana wurinki, ita tana zuba ƙullu kina juyawa. A bakin tanda ake sabawa da dangin miji fiye da a falo. Shi kuma cefane da gawayi da kai markaɗe nasa ne. Ki auna daidai bakunan da kika lissafa. Na sha ganin shinkafar Sallah a bola washegari, alhali Allah ya ce a Suratul A'arafi mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Abin da ya ragu, almajirai na ƙofa, a ba su tun yana da ɗumi, ba sai ya kwana ya canza ba.

Game da tsoron da kike ji na dangin miji: kwanon farko, wanda ya fi kowanne kyau, na surukarki ne. Ki zaɓo masar da ta fi fari, ki ɗora tsokar kirki a miyar, ki kai da kanki da yamma, ki durƙusa ki yi mata barka da Sallah. Ban taɓa jin uwar miji ta tambayi kala nawa amarya ta ɗinka ba, amma za ta faɗa wa duk wanda ya shigo cewa wannan masar hannun surukarta ce. In akwai mai magana a cikinsu, ko kala goma kika ɗinka sai ta yi. Yaran gidan ki tanadar musu canji na goron Sallah, kowa ɗan abin da ya samu, ki haɗa musu da cincin.

Da safen kada ki manta ku ci dabino kafin fita, mara, kamar yadda Annabi yake yi a Ƙaramar Sallah, ku tafi ta wata hanya ku dawo ta wata. In suya ta riƙe ki, ki tashi tun asuba don ki samu idin. Kada tanda ta hana ki abin da aka yi ranar dominsa.

Tandar ƙasa ta fi ta ƙarfe ba da masa mai kyau, kuma sabuwa sai an horar da ita da mai kafin ta daina kamu. Don haka kada ki sayi sabuwa. Zan naɗe miki ɗaya daga cikin nawa, da daddawa da ɗan yajin da na daka, in bayar a mota ranar Asabar, sai maigidan ya je tasha ya karɓa. In kin jiƙa shinkafar ki kira ni, in ƙullun ya dawo daga inji ma ki nuna mini kaurinsa a waya kafin ki sa yis. Ki gaishe da surukarki da kyau, ki ce ina yi mata barka da shan ruwa.

Goggonki,
daga Bauchi