Me ya sa aka goge muƙalar ƙungiyar unguwarku

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa aka goge muƙalar da ka rubuta a Wikipedia ta Hausa kan ƙungiyar ƙwallon unguwarku, ga kuma ta Coton Sport nan daram, alhali duk 'yan Garwa ta Kamaru ne. Na san akwai ciwo. Ni ma muƙalata ta fari, wadda na rubuta kan malamin da ya koya mini karatu, haka aka yi mata, kuma na kwana biyu ina jin haushi.

A wannan aiki ba a auna darajar abu a idon masu shi. Abin da ake dubawa shi ne: wa ya yi rubutu a kansa, kuma mene ne tsakaninsa da shi? Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta kara da Al Ahly ta Masar. Jaridun ƙasashe daban-daban sun yi ta sharhi a kai, ba don ƙungiyar ta roƙe su ba. Kai kuwa me ka kafa hujja da shi? Shafin Facebook da kyaftin ɗinku yake riƙe da shi, da takardar gayyatar wasa. Wannan ai ku ne kuke ba da labarin kanku, kuma mai kaya ba ya zama shaidar kayansa.

Sai kuma zurfin rubutun. Idan jarida ta ambaci sunanku cikin jerin sakamakon wasanni, ambato ne kawai, ba za ka iya gina muƙala a kansa ba. Dubi yaƙin Kusiri na ranar 22 ga Afrilu 1900, inda aka kashe Rabeh mai mulkin Borno, shi ma Lamy kwamandan Faransawa ya mutu. Masana tarihi sun zauna sun tattauna musabbabinsa da abin da ya biyo baya, har sunan Fort-Lamy da Njamena ta ɗauka zuwa 1973. Irin wannan yana da abin da zai cika shafinsa. Wanda bai kai haka ba, sai a nema masa gurbi a cikin babbar muƙala, idan akwai ko da majiya guda ingantacciya. Layi biyu a cikin muƙalar Garwa ba ƙasƙanci ba ne.

Abin da ya fi damuna a nan ne. Tarihinmu da yawa a bakin dattawa yake: asalin unguwannin Hausawa, majeman Marwa, fataken da suka bi Binuwai. Ƙa'idar Wikipedia ba ta karɓar "kakana ya gaya mini", don mai karatu a Kano ko Zinder ba shi da hanyar bincikawa. Amma kada ka yi saurin cewa ba a rubuta ba. Ba dole sai majiya tana intanet ba, ba kuma dole sai da Hausa ba. Littafin Faransanci ko na Fulatanci ya isa, muddin ka faɗi sunan marubuci da shekara da shafi.

Don haka kafin ka sake buɗe sabon shafi, je ka duba tsofaffin bugu na jaridun L'Œil du Sahel da Cameroon Tribune, ka leƙa ɗakin karatu na Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere in ka samu hanya. Idan ka samo rubutu biyu ko uku masu tsawo daga mutanen da ba su da alaƙa da ƙungiyar, kawo mini su bayan la'asar mu zauna mu gina ta tare.