Shin sanyin hunturu yana kashe tsohon juji?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Kanada da maigidana da yara biyu. Mun kama gidan haya mai ɗakunan kwana a ƙarƙashin ƙasa, sai bayan mun biya muka ji cewa filin da ke bayanmu tsohon juji ne da aka binne aka shuka ciyawa a kai. Na karanta kimiyyar ƙananan halittu, na san shara tana fitar da iskar metan mai kamawa da wuta. Dillali ya ce in kwantar da hankalina, wai sanyin garin yana kai digiri 30 ƙasa da sifili, komai ya daskare. Wallahi na kasa barci. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Dillalin nan ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne mai haɗarin.

Gaskiya ne sanyi yana rage ruɓewa. Kin san ƙananan halittun da ke samar da metan sun fi ƙwazo tsakanin digiri 30 da 40, zafi na sauka suna yin sanyin jiki. Sharar da aka zuba a tsakiyar hunturu aka danne ta da wata kan iya wuce shekara guda tana daskare, domin shara ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauƙi. To amma jinkiri ne kawai. Abin da bai ruɓe bana ba yana nan yana jiran baɗi, shi ya sa jujin ƙasar sanyi yake daɗewa yana fitar da iska bayan an rufe shi.

Maganar da na gaji da ji ita ce "ai ƙanƙara ta kashe shi". Ina jin ta a bakin dillalai, ina jin ta a bakin masu gidaje, har ma'aikacin da ya kamata ya fito da na'ura ya auna sai ya ce a bari sai bazara. Sanyin sama mitoci kaɗan yake shiga. Can cikin juji mai zurfi zafi yakan kai digiri 40 ko fiye, ko da dusar ƙanƙara ta rufe samansa. Wanda ya taɓa cusa hannu a tarin taki da sanyin asuba ya san haka. Na sha tsayawa a kan juji a watan Janairu, yatsuna sun ƙage cikin safar hannu, ga tururi yana tashi daga bakin bututun fitar da iskar juji, ƙanƙarar da ke kewaye da shi ta narke ta bar baƙar ƙasa. A garin Ikaluwit da ke can arewacin Kanada, juji ya kama da wuta a watan Mayun 2014, ba a kashe ta ba sai Satumba.

Ga inda ya shafe ki kai tsaye. Da bazara iskar tana sulalewa ta saman ƙasa ta bi sararin sama. Da ƙasa ta daskare, an yi wa tukunya murfi ke nan. Iskar ba ta daina fitowa, sai ta nemi hanya ta gefe: ta bi yashi da tsakuwa, ta bi ramin bututun ruwa da na wayar lantarki, ta shiga ta tsagar siminti. Gidanku kuma an rufe tagogi an kunna na'urar ɗumama ɗaki, iska mai ɗumi tana hawa sama, ɗakin ƙasa yana zuƙo iskar da ke cikin ƙasa. Wato lokacin da dillali ya ce ki yi barci shi ne lokacin da ya fi kamata a auna. Metan tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. A ƙauyen Losko na Ingila, a watan Maris na 1986, iskar juji ta bi ƙarƙashin ƙasa ta tarwatsa wani gida bayan matsin iskar sararin sama ya faɗi ba zato, mutum 3 suka ji rauni.

Kada ki dogara da hanci, metan ba ta da wari, ƙasa kuma tana iya tace ɗoyin da ke rakiyarta. Na'urar hayaƙi da ke maƙale a silin ba za ta gane ta ba.

Ban ce gidanku yana cikin haɗari ba, jujin da aka yi wa rijiyoyin zuƙe iska ana zama kusa da shi lafiya. Amma aunawa ce za ta faɗa. Ki sayi na'urar gano iskar gas mai kamawa da wuta, ki maƙala ta kusa da silin ɗakin ƙasa, domin metan sama take hawa. Ki rubuta wa hukumar birni ki nemi sakamakon awon iskar da ake yi a gefen jujin, na watannin hunturu musamman, a rubuce. Idan na'urar ta yi ƙara, kada ki taɓa makunnin fitila, ki kwashe yara ku fita, ki kira lambar gaggawa ta 911 daga waje.