Rigimar gona: wace kotu ce ke da hurumin sauraron ɗaukaka ƙararka?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya sayi gona a hannun maƙwabcinsa, mun fi shekara 20 muna nomanta. Bayan rasuwarsu duka biyu sai 'ya'yan maƙwabcin suka kai mu Babbar Kotun Shari'a, suka ce aro ne ba ciniki ba, alƙali ya ba su. Yau kwana 19. An ce in kai kuka gaban Alƙalin Alƙalai. Kuma na samo wani dattijo da aka yi cinikin a gabansa. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kada ka kai wannan ƙara kotun Alƙalin Alƙalai. Na san wanda ya ba ka shawarar alheri yake nufi, amma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wato kotun da yake shugabanta, ga aure da saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Taku rigimar ba rabon gado ba ce tsakanin magada. Gida biyu ne kowa na cewa gonar tasa ce. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000 cewa irin wannan ba ya cikin hurumin waccan kotu. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya yi shekaru, ya sayar da dabbobinsa, har ya yi nasara a can, sannan kotun gaba ta rushe komai saboda rashin hurumi kawai. Ƙofarka ita ce Babbar Kotun Jiha, sashen ɗaukaka ƙara, kuma da shari'ar Musulunci za ta auna hukuncin.

A yawancin jihohin Arewa kwana 30 ake bayarwa daga ranar hukunci, ka ga saura maka 11. Shigar da takardar ɗaukaka ƙara a wannan makon, ko da kwafin shari'ar bai fito ba, ka biya kuɗi ka riƙe rasit. In lokaci ya wuce sai an nemi ƙari, kuma dole ka kawo uzuri mai ƙarfi tare da nuna cewa ƙorafinka na da tushe.

Batun dattijon nan, kada ka ɗora dukkan fatanka a kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a take buɗewa ba. Abin da aka rubuta a kotun ƙasa take karantawa, ta duba ko alƙali ya kauce. Ba ta cika karɓar sabuwar shaida ba, sai ka nuna cewa duk ƙoƙarinka ba za ka iya samo ta a lokacin ba, kuma tana da nauyin da za ta iya sauya hukunci. Don haka aikin yana cikin kwafin shari'a, lauyanka ya bi shi layi-layi. Su da suka yi da'awar aro, an nemi su kawo shaidun da suka cika? An ba ku damar sukar shaidun? Wa aka ɗora wa rantsuwa, kuma shi ya kamata a ɗora wa? An yi i'izari kafin hukunci, wato an tambaye ku ko kuna da sauran magana? Rashinsa kaɗai ya sa an sha soke hukunci. Sai hauzi: a mazhabar Malikiyya, in mutum ya riƙe ƙasa shekara 10 a gaban idon wanda ba danginsa ba, shi kuwa bai yi magana ba kuma ba uzuri, da'awar wanda ya yi shirun ta raunana. Sai dai in aron ya tabbata, daɗewa ba ta mayar da shi mallaka.

Ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da hukunci da kanta. Nemi umarnin dakatar da zartarwa tun a rana guda, musamman in akwai shuka a gonar. Kafin nan kada kai ko ƙannenka ku yi ja-in-ja da kowa a bakin gona.

In Babbar Kotu ba ta gamsar da kai ba, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, mai rassa a Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos, Yola da Gombe. Can wata uku ne bayan hukuncin ƙarshe, kuma tunda Babbar Kotun ta zauna ne a matsayin mai sauraron ɗaukaka ƙara, sai ka nemi izini in ƙorafinka ya shafi yadda aka auna shaida. In kuɗin lauya ya gagara, je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharku da kwafin hukuncin a hannu.