Dubu 400 ka ba shi ya shuka seleri, to ina littafin?

Wani mai kayan gwari a kasuwar Kawo ya turo min tambaya. Wai ya gani a Facebook seleri mai kai, wanda saiwarsa ake ci ba ganyen ba, yana tsada a manyan shagunan Abuja, sai ya ɗauki dubu 400 a Disamba ya ba ƙanin matarsa ya shuka a fadamar bakin kogin Kaduna. Yanzu ga Fabrairu na ƙarewa yaron na neman ƙarin dubu 250, ya bayar ko a'a?

Alhaji kar ka ƙara ko sisi tukuna. Na tambaye ka nawa aka sayi iri, nawa taki, nawa man injin ban ruwa, wace rana aka zuba irin, duk amsarka ɗaya, wai yaron mai amana ne. Haba Alhaji, ni amana na tambaye ka? Kai da ba ka ba da kwandon tumatir bashi sai ka rubuta, dubu 400 ka miƙa da baki kawai don kana jin kunyar uwargida.

Da ka rubuta ko kwanan wata ne da tuni ka gano matsalar da kanka. Irin nan sai ya yi sati 2 zuwa 3 kafin ya tsiro, ya yi wajen sati 10 a wurin reno, bayan dashe kuma wata 3 zuwa 4 kafin kan ya cika, kuma sanyi yake so, digiri 15 zuwa 21, ƙasa kar ta bushe. To lissafa, iri a Disamba, dashe yanzu, hunturu ya tafi, zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 35 shi zai rene maka shi? Nan fa ba Jos ba ce.

Akwai wani a Rigasa da ya ba ɗan yayarsa kiwon kaji haka, kullum a ƙaro kuɗin abinci, ba littafi ba rasit, ranar lissafi aka rasa mai gaskiya, yau ko suna ba sa zuwar wa juna.

Ranar Asabar ka sayi littafin makaranta ka je gonar da ƙafarka, ku zauna ya faɗa maka inda kowace naira ta shiga kana rubutawa, ka ƙirga dashen, ka tambaye shi wane shago a Abuja ya ce zai saya. Sauran filin a zuba alayyahu, shi zafi bai dame shi ba, wata ɗaya ka kai Kawo.