Me ya sa rigar saƙa ta oda take tsada haka?

Tambaya: Na so a saƙa mini rigar sanyi daidai jikina, amma kuɗin da mai saƙar ta yanka ya ninka na kanti sau uku. Cuta ce, ko haka abin yake?

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya a ce cuta ce. Ta kanti inji ne ke zubo ta ɗaruruwa a kan awo ɗaya, taki kuwa hannu ne zai bi ta ƙulli bayan ƙulli. Rigar babba mai dogon hannu takan ci awa 30 zuwa 50, wani lokaci ma fiye. Raba kuɗin aikin da waɗannan awoyi, za ki ga ladan bai taka kara ya karya ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kaurin zare. Ana zaton siririn zare ya fi araha tunda rigar ba ta da nauyi. Ina! Faɗin santimita 10 da zare mai kauri zai cike da ƙulli 14, siriri sai ya nemi kusan 28, layukan tsawo su ma su ninka. Aiki ya kusa ninkawa sau huɗu ke nan, alhali girman rigar bai canza ba.

Sai asalin zaren. Akirilik, wanda ake samarwa daga sinadaran man fetur, shi ne mai sauƙi. Ulun tumakin merino, wanda akasarinsa daga Ostareliya yake, ya fi shi kuɗi. Kashmiya kuwa sai mai hali: daga awakin Mongoliya da Sin ake taje ta, kuma akuya ɗaya ba ta cika wuce giram 200 a shekara ba, don haka riga guda sai an haɗa na awaki da dama. Mai saƙar kuma dole ta sayi zaren da rara, domin in ya yanke a tsakiya, wanda za ta ƙaro daga wani rinin ba lalle launinsa ya zo daidai ba.

Ado ma da nasa. Saƙa mai murɗe-murɗe kamar kitso tana shan zare, haɗa launuka yana rage sauri, aljihu da maɓallai kowanne ƙarin aiki ne.

In kina son ragi, zaɓi zare mai matsakaicin kauri, launi ɗaya, saƙa miƙaƙƙiya. Ki kuma tsai da awo tun kafin a fara, don in kika sake shawara bayan an kai hammata, warwarewa za a yi, kuma ke za ki biya.