Amsa ga mai tambaya kan kyanwar waje da ƙaiƙayi ya addaba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa. Kyanwar waje mai susa dare da rana, gashin kunne da na wuya ya zube, ga ta ba ta yarda a matso kusa da ita balle a kama. Haka ya same ni da wata baƙar mussa da 'yarta da suka saba zuwa gidanmu nan Bagalam cin sauran tuwo.

Don girman Allah kar ki bari kowa ya zuba mata baƙin mai ko fiya-fiya. Ko waye shi, ko da ya girme ki. Wani maƙwabcinmu ne ya sa yara suka rufe uwar da buhu ba na gida, ya kwaɓa baƙin man mota da maganin ƙwarin gona ya tsiyaya mata, wai haka ake yi wa awaki. Kyanwa kuwa lasar jikinta take yi, duk abin da aka shafa mata cikinta zai tafi. Na dawo na tarar da ita bayan randa tana karkarwa, yawu na dalala, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarta. Dabbar da ba ta taɓa bari na taɓa ta ba, ran nan har ɗaukarta na yi ba ta ko motsa ba. Kafin magariba ta mutu. Da na yi masa magana sai ya ce wai a kan mussa zan ɗaga masa murya. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci, bai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba? Har yau in mun haɗu a ƙofar gida gaisuwa kawai, zuciyata ba ta sake ba.

'Yar ce Allah ya sa ta warke, kuma ba a kama ta ba. Na ɗauki hotonta da bidiyo a waya daga nesa na kai wa likitan dabbobi. Ya ce ɓawon nan mai kauri da ke farawa a gefen kunne ya gangaro fuska da wuya kazuwa ce, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa cikin fata. Ya auna mini ibamektin, wanda ake yi wa tumaki allura da shi, a ɗan siririn sirinji, na zuba cikin kifin gwangwani don yana da ɗaci. Aka maimaita bayan kwana 14. Amma kar ki sayo kwalba a kasuwa ki auna da kanki. Kyanwa mai kilo 3 abin da za a ba ta bai kai 0.1 ml ba, in ya wuce guba ne, kuma ba a ba 'yan jarirai. Ki bar ta da yunwa kaɗan, ki ajiye kwanon, ki tsaya nesa ki ga ita kaɗai ta cinye.

Farasitamol ma kashe kyanwa yake, ko rabin ƙwaya. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin kashe ƙwari da ake kira famitirin shi ma haka.

Ki duba da kyau fa, in zubewar gashin zagaye-zagaye ce to wataƙila makero ne, ibamektin ba ya yi masa komai, kuma makeron yana kama yara. Ki hana su wasa inda take kwana. Tsummokaran wajen ki ƙone su, ki share, don ƙwan ƙuma a nan yake zubowa daga jikinta. In kuma ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a tafi asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare kyanwa ma tana ɗauka.

Ki turo mana hoton kunnen da wuyan in kin samu ta zauna cin abinci.