Amsa: Kai yara ƙanana gidan bayi na Elmina

Maman Fati, kin tambaya ko za ki iya kai 'yan shekara 4 da 7 gidan bayi na Elmina a Ghana daga unguwar Nima ta Accra ku dawo a rana guda. Za a iya, amma ku yi sammako ku kama mota a tashar Kaneshie kafin cunkoson garin Kasoa da ke kan hanya ya tashi, don tafiyar kan kai awa uku ko fiye.

Turawan Fotugal suka gina gidan a 1482, daga baya 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637. Sama akwai iska da tsofaffin igwa, kuma ana hango kwale-kwalen masunta, yara na son wannan. Ɗakunan ƙasa inda aka tsare bayi kuwa duhu ne da zafi, ga ƙarancin iska, kuma mai jagora ba ya sassauta labarin. A ganina ɗan shekara 4 bai kamata ya shiga ba. Ki tsaya da shi a tsakar gida, babansu ya shiga da babbar.

Ki riƙe hannunsu a matakala, duwatsun sun sha sawu. Ku tafi da ruwa da hula. In nisan ya yi muku yawa, Ussher Fort, wani tsohon gidan bayi, na nan cikin Accra, kusa da Jamestown.